Gidan Kaina

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu da nake ba ku labarin wuyana bai saki ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Sunana Sallau, mahauci ne ni, teburina yana bakin kasuwar unguwarmu. Kwanakin nan ba a zancen komai a majalisa sai tallafin da aka ce gwamnati za ta ba talaka ya gina gidan kansa. Matata Lantana ta jiyo a gidan suna, ta dawo ta sa ni gaba, wai in je a rubuta sunana mu bar gidan gado, inda muke cushe a ɗaki ɗaya da yara, rufin kuma in damina ta sauka sai an jera kwanuka. Ni kuwa mutum ne mai zargi, ba na ɓoyewa. Wanda ya tsufa yana ɗora nama a sikeli ya san in aka ce maka ga gyara, to an riga an cire ta wani wajen. Ga kuma Gwaggo Hansai, yayar mahaifina, wadda ta goye ni tun da uwata ta rasu ina jariri. Ba ta da ɗa sai ni, ba ta da ɗaki sai wanda ke jikin namu. Duk ɗakunan da Lantana ta tsara da baki ban ji na Gwaggo a ciki ba, ni ma ban tuna mata ba. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da ruwan sama ke fitowa daga ƙasa. Yana tsattsafowa daga cikin turɓaya siri-siri, ya yi ta hawa har ya je can sama ya taru ya zama hadari. Mutanen garin sun saba, kowa ya ɗaure bakin wandonsa da igiya. Ni ban ɗaure ba, saboda haka ruwan ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Gwaggo tana gefena riƙe da gefen rigata.

Muna cikin wani dogon layi a ƙofar ofis. An rubuta a saman ƙofar: Hukumar Tallafin Gidan Kai. A layin nan na ƙarshe ake fara kira, don haka rigimar duk a can baya take.

Wani mai jar hula ya dafa ni ya ce, "Malam, wuce gaba, bayanka nake."

Na ce, "A'a, ni ne bayanka."

"Wallahi ka riga ni zuwa."

"Ai shi ya sa ba zan wuce ba. Me ka gani a gaban da kake tura ni?"

Muna wannan ja-in-ja aka kira sunana, har da na mahaifina. Ban faɗa wa kowa sunana a garin ba. Na riƙe wannan a raina na shiga.

Shugaban hukumar bunsuru ne, fari, da tabarau da gemu mai kyau, yana zaune a kujera mai juyawa yana tuƙa. A gefensa akwai sakatariya, wata jar akuya mai ɗan kunne ɗaya. Ofishin fes, babu takarda ko ƙyalle, sai dai warin da kuka sani.

Bunsurun ya ce, "Sana'a?"

Hali zanen dutse, idona ya tafi kan wuyansa, daidai inda wuƙa ke zama. Na yi maza na sauke kai.

"Ina ɗan taɓa harkar dabbobi, ranka ya daɗe."

"Saye ko sayarwa?"

"Rabawa."

"Madalla. Mu ma rabawa muke yi."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Na tabbata ya gane ni, ko shi ko wani danginsa ya taɓa bi ta hannuna. Na sa hannu a aljihu in fito da na goro don a gama lafiya. Kafin in zaro, shi ya turo mini goro fari a kan tebur.

"Ga naka. A nan mai ofis ne ke bayarwa."

Akuya ta ba mahauci goro, ai ruwa ba ya tsami banza. Na karɓa na sa a aljihu, ban ci ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a faɗa mini gaskiya tun yanzu. A ƙarshe me zan biya?"

"Ko sisi."

"To ku me za ku ci?"

"Mun riga mun ci. Ba ka ga babu takarda ba?"

Sakatariya ta yi gyatsa, ta ce a gafarce ta.

Na ce, "To ni ba ni da fili."

"Ai ka zo da shi. Gidan wa ka ce kana so?"

"Gidan kaina."

"Sakatariya, kin ji da bakinsa ya faɗa. Kawo igiya."

Ta cire mini hula da haƙoranta, ta zagaya kaina da igiya, ta auna daga goshi zuwa ƙeya. Ta ce fili ne mai kyau, yana kan tudu, zai ɗauki ɗakuna da zaure. Akwai ɗan kwari a ƙeya, a nan za a haƙa makewayi. Na so in ce ba haka nake nufi ba, amma na tuna ɗakinmu da kwanukan da muke jerawa. Na ce a raina bari in bi su a hankali, duk inda laujen yake cikin naɗin zan gano shi.

Sai ga ni zaune a kan turmi a tsakiyar wani dandali, wanzami yana share fili. Ya aske ni ƙwal, ya bar ɗan tukku a gefen kunne, wai bishiyar inuwa ce, hukuma ta hana a sare. Aka kawo gammo sabo fil aka aza mini. Shi ne harsashin ginin.

Maginan zanzaro ne, irin masu gina ɗakin laka a jikin bango, kowanne ya cusa riga cikin wando. Daga rufi suka fara. Suka jera kwano a iska ya tsaya, suka sa katako a ƙarƙashinsa, sannan linta, sannan suka yi ta sauko da bulo layi-layi har suka iso kan gammo. Aka riƙe mini madubi ina kallo. Idona yana kan buhunan siminti, don na san magina. Na jira in ga an zame da buhu ɗaya ta baya. Ba wanda ya taɓa. Har babbansu ya dawo mini da ragowar ƙusoshi a cikin leda. A nan hankalina ya ƙara tashi, domin ɓarawon da bai ɗauki ƙusa ba ƙofa yake so.

Duk wannan ginin ban ji nauyi ba ko kaɗan. Da na duba madubin da kyau, sai na ga wasu ƙosassun bunsuraye biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sun miƙe a ƙafafun baya, sun sa na gaba a ƙarƙashin gidan.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Shugaban, wanda ya biyo mu a kan kujerarsa, ya ce, "Su ne tallafin."

"Au, ba kuɗi ba ne?"

"Kai ba Bahaushe ba ne? In mace ta ɗauko tulu aka ce a tallafa mata, kuɗi ake miƙa mata?"

"Har yaushe za su riƙe?"

"Har a ɗauki hoto."

Gidan ya yi kyau, gaskiya ba zan ci amanarsa ba. An shafa masa shuɗin fenti, ga tagogi masu gilashi, ga ƙofar ƙarfe. Tun da nake ban taɓa ganin abu mai kyau haka an ce nawa ne ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Aka jingina tsani a kafaɗata. Sai ga Lantana da yara, da tukwane da katifa a naɗe. Ta sa ƙafa ta fara hawa, duk matakin da ta taka sai ta ragu, kafin ta kai kunnena ta koma kamar fara. Yaran suka bi ta a guje. Na ji tafiyarsu a tsakiyar kaina.

Ta leƙo ta taga ta ce, "Baban Ilu! Har da famfo a madafa!"

"Yana kawo ruwa?"

"Yana ɗauka dai. Amma famfo ne!"

Gwaggo ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi bisimilla ta ɗora ƙafa a matakin farko. Jar akuyar nan ta sha gabanta.

"Iya, dakata. Ke mece ce tasa?"

"Ni na goye shi."

"A kai?"

"A baya mana, 'yar nan. Wa ke goyo a kai?"

"To ke ta baya ce. Nan sashen kai ne. Abin da kai ya auro da abin da kai ya haifa, su ne ke hawa."

Na ce, "Haba baiwar Allah, uwata ce fa. Ɗan lungu ma ya ishe ta, ba ta da kaya."

"Ba mu ce ba uwarka ba ce. Ka kai maganar Ofishin Baya."

"Ina yake?"

"Bayanka."

Kafin in ƙara magana aka janye tsani. Wata hawainiya ta zo da kyamara, ido ɗaya a kaina ɗaya a kan shugaba, ta ce kowa ya yi murmushi. Shugaban ya matso ya dafa kafaɗata da kofato. Haske ya walƙa. Bunsurayen nan biyu suka zare ƙafafunsu, suka karkaɗe, suka wuce wajen mai jar hula da ake askewa.

Nauyin ya sauko mini tun daga ƙeya har dunduniya. Ƙafafuna suka nutse cikin ƙasa zuwa idon sawu. Na kai hannu biyu na riƙe gefen gidan, daga lokacin kuma a haka na ci gaba da tafiya.

Gwaggo ta ce, "Sannu, Sallau. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a."

"Gwaggo, kada ki je ko'ina. Yanzu zan gyara maganar nan."

"Yi a hankali dai kada ka karkace. Bari in koma gida in jira, na bar wake a wuta."

Na ji takunta yana nisa. Ban iya waiwayawa ba.

Ofishin Baya yana nan kuwa, ba ƙarya suka yi ba. Ina jin ƙarar ƙofarsa a bayana, ina jin ma'aikata suna hira suna kurɓar shayi. Na juya da jikina duka a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ofishin ya juya tare da ni. Na sake juyawa ta hagu, ya riga ni. Sai na yi dabara na fara tafiya da baya, har na ji dunduniyata ta taɓa dokin ƙofa.

Na yi sallama. Wata murya ta amsa daga ciki.

"Maganar wa?"

"Maganar wadda ta goye ni."

"An tashi. Ka dawo jiya."

"Jiya ai ta wuce."

"To ka makara ke nan. Me ya hana ka zuwa tun tana kusa?"

Sai ga ni a sabuwar unguwa. Fili ne fetal, an ja layuka da farar ƙasa, a kowane layi mutane ne tsaitsaye, kowa da gidansa a kai, kowa yana kallon gabansa. Wani bene ne ma a kansa, wuyan ya shige cikin ƙirji, idanu kawai ake gani. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Daga baya na gane ba girman kai ba ne, in ka gyaɗa kai tukwane ke zubewa.

Aka nuna mini gurbina. Maƙwabcina na dama na san shi, Tanimu mai shayi ne na bakin tasha. Da gefen ido na gane shi, shi ma da gefen ido ya gane ni.

Ya ce, "Sallau, kai ma an yi maka?"

"An yi mini. Tanimu, tsakaninka da Allah, ina cutar take? Na duba ko'ina ban gan ta ba."

"Babu cuta. Gida ne, naka ne, ba mai korarka."

"Yaya kake barci?"

"A tsaye."

"Salla fa?"

"Da ido."

"In abu ya faɗi a ƙasa?"

"Ya zama na ƙasa."

A saman kaina Lantana tana jan gado daga wannan bango zuwa wancan, ina jin kowane ja a haƙorana.

Na ce, "Idan mutum ya duƙa fa?"

"Iyali za su sauko lafiya, ba abin da zai same su. Gidan ne zai tarwatse. Kuma ba a yi wa kai ɗaya gini sau biyu."

"Ina tsohonka, Malam Barau? Na san tare kuke."

"Yana nan."

"Ina?"

"A ƙasa, wani wajen. Da ina jin tarinsa."

Sannan ya ce in gode wa Allah da na samu kafin ruwa ya yi ƙarfi. Wai ruwan garin in ya kankama yana tafiya da duk abin da ba shi da nauyi, tabarmi da kaji da tsofaffi. Masu gida kuwa ba abin da ke samunsu, nauyi ya danne su. Ya ce amfanin gidan ke nan.

Ban bari ya ƙarasa ba. Ƙasa ta riga ta fara ruri a ƙarƙashin ƙafata, irin rurin da sama ke yi in hadari ya haɗu. Na zare ƙafa na kama hanyar tsohon gidanmu. Gudu ba ya yiwuwa. Ina tafiya kamar amalen raƙumi, ruwa yana dukan haɓata daga ƙasa, ina ganin kaji suna wucewa sama a zaune, ba ko kaɗa fuka-fuki.

Lantana ta ƙwala kira, "Baban Ilu, ina za ka da mu? Miya tana zubewa!"

"Wajen Gwaggo."

"To bi a hankali, akwai gilashi."

Sai ga ni a tsakar gidanmu na gado. Ruwa ya cinye katangar daga gindi, saman yana nan a tsaye a kan iska. Ɗakin Gwaggo ya tafi, murhu ya tafi da tukunyar waken a kai tana tafasa. Ba na iya kallon ƙasa, amma da na runtse ido na karkato shi na hango ta. Tana tsugune ta rungume turken da muke ɗaure tunkiyar layya. Takalmanta sun riga sun tafi, ƙafafunta kuma sun fara barin ƙasa.

"Sallau, kai ne? Ka ci abinci?"

"Gwaggo, riƙe da kyau!"

"Ina riƙe. Sai dai turken ne ke girgiɗi."

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake, yaro ma ya sani. In juya mata baya, in durƙusa, ta hau, in miƙe. Haka ta yi mini ba sau ɗaya ba, ba sau dubu ba. Na juya mata bayan. Na fara lanƙwasa gwiwa. Gidan ya yi ƙara, wani bulo ya goce, na ji faranti ya fashe a ciki, ƙaramin yaron ya sa kuka.

Na miƙe.

Sai tunani ya zo mini. Na ce tsaya, Sallau, ga laujen nan ka gano. Dama abin da awakin nan ke jira ke nan. Sun san kai mahauci ne, sun ɗora maka gida, sun ɗauki hotonsu, yanzu sun turo ruwa don ka duƙa da kanka gidan ya fashe, su ce ai mun ba shi, shi ya zubar. Wa ya sani ma ko suna laɓe a bayan katanga suna tuƙa suna kallo? Na ji daɗin wannan tunanin ƙwarai, domin ya zo daidai lokacin da nake bukatarsa.

Na ce, "Gwaggo, akwai makirci a cikin abin nan. So suke in duƙa."

"To kada ka duƙa, ɗana. Gida ai ba wasa ba ne."

"Ba wai ba zan duƙa ba ne. Dabara za mu yi musu."

"Wace iri?"

"Ki saki turken. Ruwan zai ɗaga ki a hankali. In kin zo daidai bayana sai ki kama ni. Kin ga ke kin hau, ni ban duƙa ba, sun ji kunya."

Ta yi 'yar dariya. "Tun kana yaro kake da wayo."

"Ki saki, ina nan."

Na ja da baya har na ji turken a dunduniyata. Na kafa ƙafafu, na ƙara riƙe gidan da hannu biyu. Ina kallon gabana, babu komai sai ruwa yana hawa.

Ta ce, "Na saki."

Na ji gefen zaninta ya shafi ƙwaurina.

"Ina kike?"

"Ga ni a ƙugunka. Wandon nan ya yage ta baya, ka ba Lantana ta ɗinke."

"Gwaggo, bar zancen wando. Kin zo?"

"Na zo daidai."

Na ji tafin hannunta a tsakiyar bayana, da ɗumi, duk da ruwan. Ta ɗan bubbuga ni sau biyu, yadda ake yi wa jariri in ya sha nono.

"To kama wuyana!"

"In na kama wuyanka gidan zai karkace."

"Kama kafaɗa!"

"Hannuwanka suna wajen. Sauke ɗaya ka riƙo ni."

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na saki yatsa ɗaya, na saki na biyu. Gidan ya kwanta hagu, Lantana ta yi salati, wani abu mai nauyi ya gangara daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na mayar da yatsun.

Na ce, "Dakata in gyara tsayuwa."

"Gyara abinka, kada ka yi gaggawa."

Hannun ya bar bayana. Na ji shi a ƙeyata, ya shafa inda wanzami ya aske, ya gyara mini bakin gammo da ya zame. Daga nan ban sake jin sa ba.

Sai na ji an buɗe taga a sama.

Lantana ta ce, "Lale, Gwaggo! Sannu da wucewa."

"Yauwa, Lantana. Kai, ɗaki ya yi kyau, tubarkalla. Labulen nan kin sa shi a bai-bai."

"Au, haka ne. Ba za ki shigo ki sha ruwa ba?"

"Ta ina? Bar shi, wani jiƙon. Ilu, zo in share maka hanci. Yauwa. Ku riƙa tafiya a hankali, kan babanku ne."

Na buɗe baki na ƙwala, "Lantana, kamo ta! Kamo hannunta!"

"Baban Ilu, yatsanta ɗaya ya fi ni girma, da me zan kama?"

Na so in ɗaga kai in gan ta. Mai gida a kai ba ya kallon sama, kamar yadda ba ya kallon ƙasa. Na tsaya ƙiƙam ina kallon gabana. Tsoro ya kama ni, da baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba, ga kuma wani ɗan sanyi can ƙasan zuciyata da ke cewa gidan dai bai faɗi ba. Wannan sanyin ya fi komai ba ni tsoro.

Muryarta ta zo daga kan rufi, sannan daga sama da rufi.

"Sallau, akwai kwano ɗaya da ƙusarsa ba ta shiga ba, ta wajen gabas. Ka sa a duba kafin ya yi yoyo."

"Gwaggo!"

"Na'am."

"Gwaggo, sauko, zan duƙa! Wallahi yanzu zan duƙa!"

Ba ta amsa ba. Na saki hannuwana duka biyu, na zube a kan gwiwoyina, na jira in ji rugujewar gidan. Shiru. Gidan yana nan daram a kaina, ko ƙusa ba ta motsa ba. Na durƙusa a cikin ruwa da bayana a shimfiɗe, babu mai hawa. Ba abin da nake ji sai ruwan yana wucewa ta gefen kunnuwana, shaa, shaa, shaa.

Shaa, shaa. Na buɗe ido. Kaina ya zame daga matashi ya rataya a bakin gado, gari ya yi haske, Lantana da yara suna ta barci. Ƙarar ba ta tsaya ba, daga bakin ƙofa take zuwa. Na tashi da wuya a sandare na ɗaga labule.

Gwaggo ce take share ƙofar ɗakinmu, a duƙe, hannu ɗaya a bayanta.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba, tana ta tattara sharar wuri ɗaya.

"Lantana ta ce yau za ka je wajen masu gidan nan. Ka fita da wuri kada a cika ba kai."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ta bubbuga gindin tsintsiyar a tafin hannunta, ta dube ta.

"In kun zo tashi ku bar mini tsintsiyar nan. Tawa ta cinye."